Kwanon Firer

Kwana uku da binne Firer Salastan, Lauratu ta shafa wa kwanon Delu jan farce a gindi.

Ba a ɓoye ta yi ba. Da hantsi ne, a tsakar gida. Ta kife kwanon bisa cinyarta, ta ja masa layi biyu, ta ɗaga shi tana hurawa don ya bushe. Delu na zaune bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar wake da abin da ya rage mata na yatsu.

"Lauratu, mi kwanona ya yi miki?"

"Ba komi, Yaya. Alama ce kawai, kar yara su riƙa ruɗewa."

"Shekara tara ba su ruɗe ba, sai yau?"

Lauratu, matar ƙanenta Ishaku, ta miƙe tsaye. Ta ɗauki kwanon da yatsu biyu, ta wuce katakon da ake kife kwanukan gida a kai, ta kai shi can gindin katanga ta ajiye a ƙasa. Delu ta bi kwanon da ido, ta gane. Mutumin da ake jin kunyarsa ya mutu.

Firer Salastan ba mompera ba ne, wato ba limamin coci ba ne, ba ya jan sujadar da ake kira misa. Ɗan'uwa ne irin waɗanda suka yi wa Allah alkawarin ba aure ba dukiya, dogon mutum daga Burkina, wanda ya shekara ashirin a misiyon ɗin Katolika na Birnin Ƙonni. Aikinsa kutare. Daga Tsarnawa har Illela babu ƙauyen da bai san ƙarar ɗan babur ɗinsa, mobilet, ba, da akwatin magani ɗaure a baya. Shi ya yi jinyar Delu har ciwon ya mutu. Ya kawo takardar likita mai hatimi, ya karanta ta da ƙarfi a tsakar gidan nan: ta warke, ba za ta shafa wa kowa ba. Ciwon ya tafi mata da yatsu uku na hagu da kawunan na dama, ya tafi da jin zafi a tafin hannu da ƙafa. Iyakar abin da ya ɗauka ke nan.

Da Firer ya ga takarda ba ta ishi mutanen gidan ba, sai ya ƙara da bakinsa. Kowace Jumma'a da azahar sai ga shi. Ishaku shi ne katashis, wato mai koyar da addini a coci, kuma shi ne tafinta, don haka yakan shimfiɗa wa babban baƙo tabarma a zaure. Firer ya gaishe shi, ya wuce ciki, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙofar Delu. Kwano ɗaya, shuɗi, mai lotsa a baki. Sai ya ja layi da yatsa a tsakiyar tuwon, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Delu, ga gefenki, ga gefena. Mu gamu tsakiya." Kullum shi ke riga ta isa tsakiyar, don mutum ne mai ci.

A bazarar 1991 sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana uku.

Ran bakwai, Delu ta je randa shan ruwa ta tarar an ɗaure murfin da igiya. Lauratu ta miƙo mata wani tsohon tulu mai fasasshen wuya.

"Naki ne, Yaya. Kin ga ya fi kusa da ke, ba sai kin wahala ba."

Ran goma, ƙaramar ɗiyar Ishaku ta rugo za ta faɗa jikinta kamar yadda ta saba, uwar ta fizgo ta tun kafin ta iso, ta kai mata duka biyu a baya. Yarinyar ta yi kuka tana kiran Gwaggo. Daga ranar, in yaran za su wuce ƙofar Delu sai su manne da bango.

Delu ta jira Ishaku ya dawo daga garkarsa ta albasa. Ta tare shi bai ko cire takalmi ba.

"Auta, ina son magana."

Ya ɓata rai. Ya daɗe da hana ta kiransa da wannan suna a gaban iyali.

"Yaya, na san abin da za ki ce. Ba ƙyama ba ce, hankali ne. Firer baƙo ne, ba shi da mata, ba shi da ɗiya. Ni ɗiya mata huɗu gare ni. Wa za shi zo neman aure gidan da ake cuɗanya da... gidan da ba a kiyayewa? Ga Lauratu na sai wa 'yan makaranta da fanke bakin lakwal. Kin san abin da mutane ke faɗi?"

"Mi sunka ce?"

"Ba su ce ba tukuna. Amma za su ce."

"Takardar likita na nan cikin akwatina."

"Mutane ba takarda suke karantawa ba, hannu suke kallo."

Ta ɗaga hannuwan tsakaninsu.

"To kalle su. Da su na goye ka ranar da inna ta rasu kana wata takwas. Da su na dama maka kunu, na ɗura maka. Lokacin yatsu goma ne, ka ƙirga su da bakinka."

Ya kau da kai. "Wanga dut tsohon zance ne, Yaya. Ki yi haƙuri, ana cikin makoki."

Makokin kuwa ana yin sa da gaske. Kiristocin Ƙonni ba su da yawa, ma'aikata ne 'yan Togo da Benin da kuma 'yan gidajen Hausawa, amma mutuwar Firer ta tayar da su gaba ɗaya. Suka shirya yi masa misar arba'in, kamar yadda maƙwabtansu Musulmi ke sadakar arba'in, za a gayyato baƙi daga Tawa da Dogon Dutsi. Ishaku ne shugaban shirin. Da wannan dalili ya zo wa Delu ran sha biyar.

"Baƙi za su sauka nan. Muna buƙatar ɗakinki, a yi mishi shafe. Na ɗan lokaci ne."

"Saura kwana ashirin da biyar baƙin su zo."

"Shafe na son bushewa."

"A bazara?"

Bai tsaya ba. Kafin la'asar an fito da akwatinta da tabarmarta an kai rumfar awaki, an kare gefe guda da zana. Gidan na ubansu ne su biyu, a ɗakin nan aka haife ta. Ta zauna cikin warin fitsarin awaki tana kallon ƙofar ɗakin. Ba a yi shafe ba. Washegari buhunan albasa aka shigar, aka sa kwaɗo.

Rumfar rufin kwano gare ta. Da rana ta take, sai ta zama tanda. Delu ta kan jiƙa zane da ruwan tulunta ta lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙayau. Wata ƙusa ta shige mata tafin ƙafa ba ta ji ba, sai da ta ga ƙuda na bin sawunta. Da Firer na nan, da ya durƙusa ya wanke, ya yi mata faɗa kan takalmi. Ta wanke da kanta da ruwan gishiri, ta yage bakin zane ta ɗaure. Ba ta roƙi kowa komai ba. Kowace Jumma'a kuwa, in an zubo mata tuwo daga nesa, sai ta ja layi a tsakiya, ta ci gefenta, ta bar ɗayan har ya huce, sannan ta ci shi da yamma.

Ran Lahadi ta ɗingisa zuwa coci, ta nufi bencinta na biyu a ɓangaren mata, inda ta shekara tara tana zama. Ta tarar Lauratu ta baza jaka da mayafi da littafin waƙa a wurin.

"Yaya, ƙafarki na wari. Can baya akwai iska."

Ta zauna a baya, bakin ƙofa. Sabon mompera, wani matashin Bature da bai fi wata huɗu da zuwa ba, wanda Hausarsa ba ta wuce sannu da lafiya lau ba, ya yi wa'azi da Faransanci. Ishaku na gefensa yana juyawa da Hausa, muryarsa na rawa. Ya ce Firer bai taɓa ƙyamar ɗan Adam ba. Ya ce wanda duk ya ƙi ɗan'uwansa, Almasihu ya ƙi. Ya ciro hankici ya share ido. Mata suka yi ta sheshsheƙa, Lauratu ta fi kowa.

Ran talatin 'yan kwamitin shirin suka taru a tsakar gidan Ishaku da la'asar. An saki wani tsohon bargo a bakin rumfar awaki don kada a hango ciki. Bargo ba ya tare magana. Delu ta ji muryar Madam Afi, 'yar Togo ma'aikaciyar gidan waya, shugabar matan coci, mace mai kaifin baki da ta iya Hausa kamar haifaffiyar Ƙonni.

"Malam Ishaku, hoton nan na Firer ya yi kyau. Dubi yadda yake dariya, hannu cikin tuwo. Ina aka ɗauke shi?"

Delu ta san hoton. Wata masera ce, cikin matan da suka yi wa Allah alkawari irin nasa, ta ɗauke su shekarun baya, ita da shi, a ƙofar ɗakinta.

"Nan gidan," in ji Ishaku. "Dut Jumma'a nan shike cin tuwo."

"Da wa? Kamar an yanke gefen hoton."

"Ruwa ne ya ɓata wajen, mai hoto ya gyara. Ni da shi ne. Kwano guda."

"Allah sarki! To kwanon nan shuɗi, yana nan?"

Ishaku ya yi gyaran murya.

"Shina nan."

"Shi ke nan, na samu abin da za mu yi. Bayan misa a cika shi da tuwo, a ajiye gaban hoton, kowa ya zo ya ɗauki loma. Kwano guda, kamar yadda ya koya mana. Wannan ya fi duk wani jawabi."

Aka yi tafi. Delu ta dubi kwanon da ke gefen tabarmarta, da lotsarsa a baki, wadda ta fito sarai a hoton. Ba za su iya musanya shi ba.

Baƙi na fita Lauratu ta yaye bargon. Ta ɗaura leda a hannu.

"Yaya, aro za ki ba mu."

"Ban ba da ba."

"Na Firer ne ai, ba naki ke kaɗai ba. Jama'a ke so."

"Jama'a sun san inda yake kwana? Sun san da mi kinka shafa mishi?"

"Kar ki ja magana, Yaya, aikin Allah ne."

Delu ta rungume kwanon a ƙirji. Amma dungu ba ya riƙo. Fizga ɗaya Lauratu ta yi. Delu ta ɗaga murya ta kira Ishaku, yana tsaye bakin zaure yana naɗe tabarmi, ya juya baya kamar iska ce ta kaɗa.

Daga inda take zaune ta ga komai. Lauratu ta kankare jan farcen da wuƙa, ta ɗauko kwalbar zabel, ruwan nan mai warin asibiti da ake wanke masai da shi, ta tsiyaya a kwanon ta bar shi ya jiƙa. Ta zubar, ta sake. Sau uku. Sannan ta shanya shi a rana bisa rufin ɗaki, ta wanke hannuwanta har gwiwa.

A madadinsa aka kawo wa Delu babban gwangwanin tumatir da aka yanke wa baki. Gwangwani na ɗaukar zafi. Ranar farko ta riƙe shi da miya a ciki ba ta ji komai ba, sai da ta ajiye ta ga tafin hannunta ya tashi fari. Lauratu ta leƙo ta gani, ta ja da baya.

"Malam! Zo ka gani, ciwon ya dawo! Ni dama na faɗa."

"Ƙuna ce," in ji Delu. "Gwangwaninki ne ya ƙone ni."

"Dut wanda ya gani ba zai ce ƙuna ba," in ji Ishaku daga nesa.

Saura kwana biyu arba'in, Ishaku ya zo da maganar da ta san tana tafe. Bai shiga rumfar ba, daga waje ya tsaya.

"Yaya, na yi magana da Labo na Bazaga, ɗan kawunmu. Akwai bukka cikin gonarshi, ba kowa. Iska mai kyau, ba hayaniya. Ran Asabar da safe amalanken jakinshi zai zo shi ɗauke ki."

"Ran Asabar ne arba'in."

"Shi ya sa. Taro zai yi yawa, ga ƙafarki, ga hannunki. Firer da kanshi ba zai so ki wahala ba."

"Yaushe zan komo?"

"In abubuwa sun lafa."

"Kamar yadda shafe ya bushe?"

"Ke dai ba a yi miki alheri. Kullum sai kin maida mutum azzalumi." Ya kaɗe rigarsa. "Ki haɗa kayanki."

Ta san in ta hau amalanken nan ba za ta sake ganin ƙofar ɗakinta ba, sai dai labarin mutuwarta ya zo musu, su yi mata misa su yi kuka.

Ran Asabar gidan ya watse tun da sassafe, kowa ya tafi coci da sabon ɗinki mai hoton Firer a ƙirji. Labo ya iso da amalanke da hantsi. Ya tarar da Delu ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Ista, ta sa takalman roba da Firer ya yanka mata daga tayar mota.

"Ina kayan, Yaya Delu?"

"Ba Bazaga za ka kai ni ba. Misiyon."

"Ishaku ya ce..."

"Ishaku ƙanena ne, kai ma ƙanena ne. In ba ka kai ni, matsa in wuce."

Labo ya dubi ƙafar, ya dubi fuskar. Ya sauko ya kama ta ta hau.

Sun isa an gama misa, an fito filin coci ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro. Mutane sun fi ɗari biyu, har da Musulmi maƙwabta da direbobin tasha da suka san Firer. An kafa tebur da farin ƙyalle, ga babban hoto, ga kyandir, ga kwanon shuɗi yana ƙyalli. Jama'a sun yi layi, kowa ya sa hannu ya gutsuri tuwo ya kai baki, wasu na hawaye. In ya ƙare Lauratu ta ƙaro daga tukunya. Ishaku na tsaye kusa da mompera yana cewa, "Kwano guda, 'yan'uwa, kwano guda."

Delu ta shiga layi. Na gabanta suka matsa gaba, na bayanta suka ja baya, ta yi ta tafiya cikin fili nata ita kaɗai har ta iso tebur. Ta dubi hoton. An yanke ta ƙaf, amma a bakin kwanon, can ƙasa, mai almakashi ya bar wani abu da ya ɗauka inuwa ce. Hannunta ne.

Ishaku ya gan ta, fuskarsa ta yi toka.

"Yaya, mi ya kawo ki? Koma gefe, za a kawo miki naki."

"Nawa na zo ɗauka." Ta ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji. "Salama gare ku, jama'a. Kun ci? Ya yi daɗi? Kwanona ne. Shekara tara ina ci cikinshi, safe da yamma, da hannun ga. Ran Jumma'a Firer shi zo mu ci tare, ni da shi. Ishaku bai taɓa sa hannu ciki ba ko sau guda. Ku dubi hoton da kyau, ku gaya mini ko yatsun katashis ne waɗancan."

Madam Afi ta matso ta sunkuya kan hoton, ta daɗe, ta ɗago ta zuba wa Ishaku ido. Can cikin layi wata mata ta juya ta tofar da abin da ke bakinta. Wani ya shiga goge yatsu da rigarsa, daidai kan fuskar Firer. Wata ta fizge lomar da ke hannun ɗanta ta yar.

Mompera ya taɓa kafaɗar Ishaku, ya tambaya da Faransanci me matar ke cewa.

"Godiya take yi," in ji Ishaku da sauri cikin harshen. "Tsohuwar majinyaciyarsa ce, kanta ba daidai yake ba. Godiya take yi."

Amma guna-guni ya riga ya tashi. Wata murya ta ce, "Lauratu, kwanon kuturwa kinka ba mu?" Wata ta ce, "Da 'ya'yanmu?" Lauratu ta ga idanu sun yo kanta, ta ga fankenta na bakin lakwal, ta daka tsalle tsakiyar fili da ludayi a hannu.

"Wallahi na wanke shi! Da zabel na wanke shi, sau uku, na shanya a rana! Ku tambayi Malam, a gabanshi na yi. Zabel, kwalba guda cur! Ni mahaukaciya ce in ba ku shi haka nan?"

Duk zancen da aka yi, kalma ɗaya ce mompera ya gane, don daga harshensu ta fito.

"Zabel?" ya ce. "Me ya kawo zabel cikin godiya?"

Ishaku ya buɗe baki, Madam Afi ta riga shi. Ta juya wa mompera maganar tun daga farko, ba ta rage ko ɗaya ba, ta ƙara da nata. Kunnuwan Baturen suka yi ja.

Delu ba ta jira su ba. Ta sa dungunta biyu ta tallabo kwanon daga tebur, ta zauna a ƙasa gaban hoton, ta ajiye shi tsakanin ƙafafunta. Tuwon da ya rage ta daidaita shi, ta ja layi a tsakiya.

"Ga gefena," ta ce. "Ga gefenshi. Wa za shi gamu da ni tsakiya?"

Mutum ɗari biyun da suka sha kuka ba wanda ya motsa. Sai mompera ya tattare farar rigarsa zai durƙusa. Delu ta ɗaga masa hannu.

"Madam, gaya mishi na gode, amma ba shi nike jira ba. Shi baƙo ne, baƙo ya riga ya yi nashi shekara tara. Wanda munka fito ciki guda nike jira. Auta, zo ka ci."

Ishaku ya dubi mompera, ya dubi baƙin Tawa da na Dogon Dutsi, ya dubi jama'ar da yake koya wa addini. Ba hanyar fita. Ya tako kamar mai taka ƙaya, ya tsuguna nesa da ita, ya miƙa yatsu biyu can bakin kwanon ya gutsuri abin da bai kai ƙwayar gujiya ba. Ya kai hannu baki, ya motsa muƙamuƙi. Wani ya fara tafi, mata suka ɗauki waƙa, mompera ya ɗaga hannu yana sa albarka.

Delu ce kaɗai ke kusa. Ita kaɗai ta ga hannun ya sauka a dunƙule, ya shige aljihun sabuwar rigar, ya fito a buɗe.

Ta dube shi, ya san ta gani. Ba ta tona ba. Ta sunkuya ta cinye gefenta a natse, ta wuce layin, ta cinye na Firer, ta suɗe kwanon da gefen hannu.

"Labo," ta ce, "kai ni gida. A buɗe mini ɗakina."

An buɗe. Madam Afi ce ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, har aka fitar da buhun albasa na ƙarshe. Mompera ya ce daga yanzu zai riƙa zuwa duk Jumma'a. Ishaku ya ce madalla, dama abin da yake shirin roƙo ke nan. A coci kuwa aka yi ta ba da labarin yadda katashis ya ci tuwo da yayarsa a gaban duniya, har wasu na cewa ruhun Firer ya sauka a kansa. Matar da ta tofar da loma tana cikin masu faɗa. Bencin Delu na biyu ya dawo hannunta, sai dai duk tsawonsa ita kaɗai ke zama a kai.

Washegarin arba'in, ran Lahadi da safe, Delu ta wanke kwanonta, ta ratsa tsakar gida tana ɗingishi, ta wuce gindin katanga, ta kife shi bisa katakon kwanuka, a sama, kan na maigida. A gindinsa, inda wuƙa ta kankare, har yanzu ana ganin sawun layi biyu.

Lauratu ta fito ta gani. Ta buɗe baki, ta tuna Jumma'a na zuwa, ta rufe. Sai ta shiga zare nata kwanukan ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashi, tana kaffa-kaffa kada su gogi shuɗin, ta kwashe su duka ta shige da su ɗaki. A bakin rijiya Ishaku na tsugune da sabulu, yana wankin aljihun rigarsa da kansa.

Delu ta jawo tabarma ta zauna a ƙofar ɗakin da aka haife ta. Katako mai ɗaukar kwano ashirin, yau kwano ɗaya ne a kai.

"Lauratu," ta kira, "in kin gama, ki zo ki kwance igiyar randa. Ko ita ma ɗaki za ki kai ta?"